Tsohon Tafinta

Ƙarfe tara na dare a tashar famfo,
bayan garin Gdańsk, inda kogi ke miƙa wuya ga teku.
Ruwan sama na ƙwanƙwasa rufi
kamar mai bin bashi.
Halszka ta ture kofin shayi da gwiwar hannu,
ta jawo kujera.

Lamba ɗaya tak za ta canza.
Bakwai ta koma shida,
don injin ya riƙa tashi da wuri,
tunda ruwan bana ba ya jiran kowa.

Amma umarnin da ke tuƙa injin,
Zdzisław ne ya rubuta shi
shekarar da take koyon ɗaure igiyar takalmi,
Zdzisław kuwa yana kwance bayan coci
tun sanyin bara waccan.

Ta miƙa wa sabuwar kwamfaila rubutun.
Layi uku ta karanta, ta murtuke fuska.
Kuskure ɗari biyu da sha huɗu,
ja wur, suna gangarowa kan allo.
Ba sharri ta yi masa ba:
yaren ne ya tsufa,
'yar bana ba ta jin zaurancen kakanni.

To, a nemo tafintan da ya san bakinsa.

Cikin durowa ta uku, ƙarƙashin sukurori da busasshen biro,
ga faifai, an rubuta masa shekara da alƙalami shuɗi.
Ta kwafe shi. Ta ce: shigo.
Ya tsaya bakin ƙofa.

Ina laburaren da nake jingina da shi?
An rushe.
Ina fayil ɗin da ke zama a wancan lungu?
Ya tashi, ya canza suna.
Ni da bit talatin da biyu nake ƙirga.
Nan gidan sittin da huɗu ake yi, Baba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sha ɗaya da rabi ta yi masa dabara,
ta laƙa wa sabon laburare sunan tsoho.
Ya gaisa da shi, ya ji muryar ba ita ba ce,
ya faɗi warwas.
Ta zagi allon da harshen kakarta,
ta tashi ta leƙa ma'aunin ruwa.
Ya ƙaru da yatsa biyu.

Sai ta daina tilasta masa zama ɗan zamani.
A cikin cikin sabuwar manhaja
ta kewaye masa ɗan ɗaki,
ta kwaso tarkacen shekarunsa ɗaya bayan ɗaya
daga rumbunan da ba mai leƙawa,
kowane ta ajiye shi inda hannunsa zai lalubo.
Ta ja ƙofa a hankali,
kada ya hango waje.

Tana neman bakwai ɗin ne
ta ci karo da abin da mamacin ya bari
tsakanin layi da layi, inda inji ba ya karantawa:
"Kada a taɓa nan. Ban san dalili ba, amma yana aiki."
Can ƙasa kuma:
"Yau Jagoda ta yi haƙori. A gyara wannan gobe."

Goben ba ta zo ba.
Halszka ta bar masa shi yadda yake.

Ta goge bakwai. Ta sa shida. Ta danna.

Fankar kwamfuta ta ja numfashi.
Layuka suka wuce, farare, ba ja ko ɗaya,
sannan tsit.
Haka tsohon yake cewa ya gama:
ba ya cewa komai.

Uku saura kwata, ƙasa ta yi gurnani ƙarƙashin ƙafarta,
famfo ya kama.
Unguwa na barci, ba wanda ya juya.

Ta buɗe fayil ɗin, ƙasan maganar haƙori,
ta rubuta hanyar da ta bi, dalla-dalla,
da kwanan wata,
da inda ta mayar da faifan.
Shayin ya yi sanyi ƙalau. Ta shanye.